Tarihin permi a ƙasar Abzin: wa ke biya a da, wa ke biya yau?

 Yau a filin tarihi za mu taɓo maganar wata ƴar takarda da ba ta kai tafin hannu ba, amma saurayi kan yi shekara yana tara kuɗinta. Ana ce mata permi, wato takardar izinin tuƙi. Duk fadar da aka zauna ana shan shayi, in zancenta ya taso kukan ɗaya ne: samunta tsada, sabunta ta ma wani aiki ne. To, yaushe aka fara tambayar wannan takarda a ƙasarmu? Wa ke ɗaukar nauyinta a da? Kuma yaya aka yi nauyin ya dawo kan saurayi da iyayensa?

Zamanin madugu

Kafin mota, wanda ke riƙe da ran matafiya a hamada shi ne madugu. Kowace kaka ayarin gishiri yakan tashi daga duwatsun Abzin, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya ɗauko gishiri da dabino, daga baya ya gangara Damargu da Damagaram har Kano a musanyo hatsi da tufafi. Madugu ba shi da takarda ko guda. Shaidarsa ita ce ya kai mutane ya dawo da su. Yaro yakan fara bin ayari tun yana ƙarami, yana kiwon raƙuma, yana ɗaurin kaya, yana koyon taurari da wurin rijiyoyi. Kuɗin makarantarsa guminsa ne, malaminsa kuma babansa ne ko kawunsa.

Kada a ɗauka hanya kyauta ce a wancan zamani. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Agadas a 1850, ya tarar da Sarkin Turawa, wanda ke kula da fataken arewa yana karɓar haraji a kan kayansu. Ke nan biyan kuɗi don kaya su wuce tsohon abu ne a wurinmu. Abin da ya zo daga baya shi ne mutum ya biya hukuma don ta shaida cewa ya iya jan abin hawa.

Takardar da ta zo daga Faransa

Asalin permi daga birnin Paris yake. A 1893 shugaban ƴan sandan birnin, Louis Lépine, ya ce duk mai tuƙa mota sai ya riƙe takardar shaidar iyawa. A 1899 aka shimfiɗa dokar a duk faɗin Faransa. A 1922 takardar ta samu sunan da muke kiranta da shi har yau, ta kuma fito da launin nan na ruwan hoda da dattawanmu suka sani. A 1954 aka raba ta da haruffa: A na babur, B na ƙaramar mota, C na babbar motar kaya, D na motar fasinja, E na mai jan tirela. Waɗannan haruffa su muka gada.

A daidai wannan lokaci mota ta fara shiga hamada. Daga Disamba 1922 zuwa Janairu 1923 motocin Citroën suka ratsa Sahara daga Tugurt ta Aljeriya zuwa Tumbutu. A shekarun 1930 aka buɗe layin motoci daga birnin Aljas, ya bi ta Tamanraset da Agadas da Damagaram har Kano. Masu riƙe da sitiyari yawanci Turawa ne. Namu su ne karnukan mota: su haƙe yashi in taya ta nutse, su shimfiɗa ƙarfe a ƙarƙashinta, su shafa giris, su dafa abinci, su nuna hanya. Da haka wasu suka koyi tuƙi. Waɗanda suka kai ga samun takardar kuwa, yawancinsu ta aikin soja ne, ko aikin gwamnati, ko gidajen kasuwancin Turawa. Mai buƙatar direba shi ke koyar da shi, shi ke tsaya masa har ya samu takarda. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nijar ta yi nata kundin dokokin hanya a 1963, kuma a shekarar ce aka kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN. Amma a Abzin har lokacin raƙumi ne sarki. Mota ƙalilan ce, kwalta babu.

Fari da yuraniyom

Abubuwa biyu suka juya lamarin kusan lokaci guda. Na farko yuraniyom. An gano shi a Azelik a 1957. An kafa SOMAIR a 1968, aka gina garin Arlit a fili fetal, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara haƙa a Akuta a 1978, Akokan ta tashi a gefenta. A nan gida kuma aka kafa SONICHAR a 1975 don haƙar gawayin Anu Araren, tashar lantarkinta ta fara aiki a 1981, tana ba ma'adinan wuta tare da garuruwan Arlit, Agadas da Ciro.

Na biyu fari. Na 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ba adadi, na 1984 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage wa gidaje da yawa. Samarin da a da za su gaji akalar raƙumi suka wayi gari babu raƙumin. Wasu suka nufi Aljeriya da Libiya, wasu suka nufi ƙofar kamfani. A 1973 ɗin ne ma wata babbar mota ta banke Itaciyar Tenere, wadda ayari suka yi zamani suna gane hanya da ita. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Tsofaffi sun ga ishara a ciki: zamanin madugu ya ba da baya, na direba ya kama.

Ma'adini ba ya tafiya sai da mota. A wancan lokaci farar wuta da gazwal da injuna da abinci duk daga bakin teku ake kawo su, gangunan yuraniyom kuma su gangara zuwa Paraku a Benin, jirgin ƙasa ya kai su Kwatano. Don haka aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit tsakanin 1976 da 1980, wadda ake kira hanyar yuraniyom, sama da kilomita 600. A cikin ramukan haƙa kuma ana neman masu jan manyan motocin kwasar ƙasa da katafila, a Arlit da nan Anu Araren.

A wannan zamani permi C da E suka zama kamar babbar difloma ga wanda bai yi nisa a lakwal ba. Mai shi yana iya samun albashin wata, da gidan kamfani a Arlit, da asibitin da za a duba iyalinsa. Kamfani yana tambayar takarda, gaskiya ne, amma shi ma yana horar da mutanensa a kan injunansa, domin shi ke da asara in aka lalata su. A tasha kuma tsarin karen mota yana nan da ransa: yaro ya yi shekaru yana bin ubangidansa, in hannunsa ya faɗa, sau da yawa ubangidan ne ke taimaka masa da kuɗin jarrabawa. Permi yana da kuɗi a lokacin ma, sai dai akwai kafaɗu da yawa a ƙarƙashin kayan.

Lokacin da kiɗa ya canza

Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi a kasuwar duniya. Kamfanoni suka tsuke bakin aljihu, ɗaukar ma'aikata ya ragu, daga baya aka shiga sallama. Direbobi suka nemi wata ƙofa, ita ce yawon buɗe ido. Tun zagayen farko na tseren Paris-Dakar a 1979 motocin suka bi ta Agadas, Turawa suka ga Abzin da Tenere suka yi sha'awa. Wasu ma sukan tuƙo tsofaffin Peugeot daga Turai ta Tamanraset da Asamaka su sayar a Arlit da Agadas. Kamfanonin yawo suka buɗe, ciki har da na marigayi Mano Dayak. Direban kat-kat da ya san tudun yashi ya zama abin nema. Shi kuwa wannan direba kansa yake yi wa aiki ko wani ƙaramin mai mota, don haka kuɗin permi daga aljihunsa yake fita.

Sai tawaye ya ɓarke a farkon shekarun 1990, hanyoyi suka rufe, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ana cikin haka, a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tamma ɗaya ta Faransa da ake saye sefa 50 ta koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi ya tashi: mota, taya, batir, kayan gyara. Mai oto-ekol da waɗannan kaya yake aiki, to ina zai huce in ba a kan ɗalibi ba? An sa hannu kan zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, yawon buɗe ido ya ɗan farfaɗo, amma rikicin 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata a Arlit a Satumba 2010 suka sake kashe shi.

Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 hanyar Dirku zuwa Libiya ta cika da Hilux, ayarin ranar Litinin yana tashi daga Agadas da rakiyar soja. A 2014 aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten, duk mai mota ya samu lodi: ruwa, mai, abinci, mutane. A irin waɗannan hanyoyi babu alamar hanya ko guda da littafin kod ya koyar. Samari da dama suka ce to me permi zai yi musu? Amma hamada ta nuna ba a wasa da ita. A Oktoba 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. A Mayu 2015 aka yi doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, daga 2016 aka shiga kama direbobi da ƙwace motoci. An soke dokar a Nuwamba 2023, amma shekarun nan sun bar darasi: shingaye sun yawaita, kuma a kowane shinge abin da jandarma ke fara cewa shi ne a kawo takardu.

Sannan ga COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Bayan Yuli 2023 iyakar Benin ta rufe, manyan motocin da suka saba hanyar Kwatano suka yi tsaye. Kafaɗun da ke taya saurayi ɗaukar kayan sun ragu ɗaya bayan ɗaya.

Ina kuɗin ke tafiya yau?

In muka ce permi ya yi tsada, ya kamata mu warware ƙullin mu ga abin da ke ciki. Da farko akwai haɗa takardu: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, hotuna, takardar likita, tambur. Wanda aka haifa a daji ba a yi masa takardar haihuwa ba, sai ya fara bi ta kotu a yi masa madadinta. Tun bai taɓa sitiyari ba ya fara kashe kuɗi.

Na biyu kuɗin oto-ekol, shi ne kaso mafi girma. A cikinsa akwai ladan malami, da lalacewar mota, da mai. Shekaru da dama litar esansi tana kan sefa 540, dala 108 ke nan. A Yuli 2024 aka rage ta zuwa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, gazwal kuma ya sauko daga 668 zuwa 618. Ko da ragin, duk awa guda ta koyo mai take sha, ta babbar mota kuwa ta fi sha.

Na uku kuɗin jarrabawa, ta kod da ta tuƙi. Wanda ya faɗi sai ya sake shiri ya sake biya. Littafin kod da Faransanci yake, don haka wanda bai yi lakwal ba, ko da ya fi malamin iya fitar da mota daga yashi, yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya haye.

Na huɗu, wanda ba ya cikin kowane resi, shi ne nisa. Ofishin sufuri na jiha yana Agadas. Mu na Ciro muna kusa, duk da haka sai ka biya mota, ka ci abinci, wani lokaci ka kwana. Daga Arlit kimanin kilomita 240 ne a kan hanyar da kowa ya san yadda ta lalace. Na Iferwan da Timiya da Tabelot da Bilma fa? In kuma takarda ta maƙale sai an bi ta Yamai, wajen kilomita 950 ke nan. Kowace rana a hanya rana ce da mai garka bai yi ban ruwa ba, ɗan kabu-kabu bai fita ba. Mazaunin Yamai da mazaunin Abzin farashi ɗaya aka rubuta musu, amma ba kuɗi ɗaya suke kashewa ba.

Ku auna duk wannan da albashi. Daga 2012 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 30,047 ne a wata, sai a Janairu 2024 ya koma jika 42. Kuɗin oto-ekol kaɗai ya haura wannan nesa ba kusa ba. Kuma B ba ta isa a ba ka tirela. Sai ka hau C, ka hau E, kowane mataki da nasa kuɗin.

Maganar sabuntawa

Dattawa da yawa suna mamakin wannan magana, domin tsohon permi mai ruwan hoda na ƙaramar mota a kan ajiye shi a aljihu har ya yage. Amma tun asali manyan rukunoni ba haka suke ba. Mai C ko D ko E sai ya riƙa komawa wurin likita lokaci lokaci a duba idonsa da lafiyarsa, kuma in shekaru suka ja, tazarar takan ragu. Dalilin a fili yake: mai jan tan talatin ko mai ɗauke da fasinja saba'in, in idonsa ya raunana ba shi kaɗai zai shafa ba.

A 2009 ƙungiyar UEMOA ta fitar da umarni don ƙasashenta su daidaita tsarin koyon tuƙi da ba da permi. A 2014 Nijar ta yi sabon kundin dokokin hanya a madadin na 1963, aka kuma kafa hukumar kiyaye haɗurra, ANISER. Daga baya permi na kati ya shigo, mai ɗauke da hoto da zanen yatsa. Amfaninsa a bayyane yake, domin tsohuwar takarda tana da sauƙin jabu: a cire hoto a manna wani. Sai dai kati yana bukatar na'ura da intanet da zuwan mutum da kansa, su kuwa waɗannan a manyan birane suke. Nisan nan dai ya sake dawowa. Direban da ke Cibarakaten ko Dirku in wa'adin takardarsa ya cika, sai ya ajiye aiki ya yi kwanaki a hanya.

A nan ne ƴan kamasho ke samun shiga. Wani zai ce maka kawo kaza, ba sai ka je ba, ba sai ka yi jarrabawa ba. Jama'a, araha ba ta ado. In takardar jabu ce, ranar da aka gane kuɗinka sun tafi, ga tara, ga shari'a. In ma ta gaske ce aka bi ta bayan gida, to an saka makami a hannun wanda bai iya ba, kuma fasinjan da zai ɗauka ƴaƴanmu ne. Rashin takardar shi ma yana da farashinsa: tara a shinge, mota a furiyar, kamfani ya ƙi ɗaukarka, in tsautsayi ya faɗa asirans ta zame ta bar ka da iyalan mamaci.

Abin da tarihin ke nuna mana

In kun bi zancen daga farko za ku ga zare ɗaya. A zamanin madugu dangi ke horar da yaro. A zamanin Turawa soja da gidan kasuwa ke yi. A zamanin da yuraniyom ke tashe kamfani da ubangida a tasha sun ɗauki wani kaso. Duk mai cin moriyar direba yana sa hannu a yin direban. Yau albasar Tabelot da lemun Timiya da gawayin Ciro da kayan wuraren zinariya duk a bayan mota suke tafiya, masu cin moriya sun fi na da yawa, amma saurayi shi kaɗai ke biya, ko uwarsa ta sayar da awaki.

Akwai inda za a iya taɓawa. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai don kananan hukumomin jihar da ake haƙar. In kason ya iso, horar da samari tuƙi har su samu takarda yana cikin ayyukan da amfaninsu ke saurin bayyana. Sandikar direbobi da masu motoci za su iya yin asusu ko adashi don karnukan motarsu. Hukuma kuma za ta rage wa mutane rabin wahala in masu jarrabawa da na'urar kati suna zagayowa Arlit da Ciro da Iferwan da Bilma a ranakun da aka sanar tun da wuri. Kawo ma'aikaci biyu ya fi sauƙi a kan tayar da samari ɗari.

Kai kuma ƙanena mai shirin nema, je ofis da ƙafarka ka tambayi farashin hukuma, duk abin da ka biya ka karɓi resi. Mai permi a hannu, duba ranar da ke jikinsa tun kafin jandarma ya duba maka. Ka koyi kod don hanyar kwalta, ka zauna da tsofaffin direbobi don hanyar yashi, domin kowanne akwai abin da ɗayan ba zai koya maka ba.

Allah ya jiƙan waɗanda hanya ta ci, ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu, ya buɗa wa samarinmu ƙofar halal. Sai mun haɗu a fili na gaba. Wassalamu alaikum.